Ƙaramar A-Kori-Kura Mai Fetur Da Lantarki: Lissafin Riba Da Asara Ga Ɗan Kasuwa

Wata ƙaramar motar a-kori-kura mai suna Maverick, wadda kamfanin Ford na ƙasar Amurka ya fito da ita a shekarar 2021, ta farfaɗo da wata kasuwa da manyan kamfanonin ƙera motoci suka daɗe da juya wa baya. Ita dai wannan mota tana aiki ne da injin fetur haɗe da na lantarki, wato irin motocin da dillalai ke kira haibirid, waɗanda za a iya kira da Hausa ruwa-biyu. A shekarar 2022 an sayar da kimanin 74,000 daga cikin motocin Maverick a Amurka, a 2023 adadin ya tashi zuwa 94,000, sannan a 2024 ya haura 130,000.

Wannan al'amari ya shafi 'yan kasuwar Najeriya, domin kuwa Amurka na cikin manyan ƙasashen da ake shigo da motocin da aka yi amfani da su daga can, kuma motar da ta cika titunan Amurka a yau, ita ce ake gani a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas bayan 'yan shekaru. Har ila yau, tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya shiga sahun manyan abubuwan da ke cinye ribar ƙananan masana'antu da masu rarraba kaya. Litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 a gidajen man kamfanin NNPC kafin wannan rana, ta haura Naira 1,000 a Abuja cikin watan Oktoba na 2024. Saboda haka tambayar da ke gaban mai jari ita ce: shin irin wannan mota za ta mayar da kuɗinta, kuma a wane irin aiki?

Asalin Motar

Masu dogon tunani za su tuna da Fijo 404 da 504 a-kori-kura, waɗanda suka yi wa manoma da 'yan tireda hidima shekara da shekaru, musamman bayan da kamfanin harhaɗa motocin Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975. Amurka ma ta yi zamanin ƙananan motocin ɗaukar kaya, amma a hankali suka ɓace daga kasuwa. Dalili na farko shi ne harajin kashi 25 cikin 100 da Shugaba Lyndon Johnson ya ɗora wa ƙananan motocin kaya da ake shigowa da su daga waje a 1964, a matsayin ramuwar gayya kan harajin da ƙasashen Turai suka sa wa kajin Amurka. Wannan haraji, wanda har yanzu ake kira harajin kaza, ya toshe wa motoci masu rahusa na ƙasashen waje hanya. Dalili na biyu kuwa shi ne riba: kamfanoni sun fi samun kuɗi a kan kowace babbar mota, ga shi kuma ƙa'idojin shan mai na ƙasar sun fi sassauta wa mota gwargwadon girmanta. A 2011 kamfanin Ford ya daina ƙera ƙaramar Ranger domin kasuwar Amurka, kuma da ta dawo a 2019 ta dawo ne da ƙarin girma da ƙarin tsada.

Wannan giɓi ne Maverick ta zo ta cike. Ana harhaɗa ta a garin Hermosillo na ƙasar Meziko, inda yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Meziko da Kanada ta ba ta damar shiga Amurka ba tare da biyan harajin kaza ba. An fara sayar da ita a kan dala 19,995 ban da kuɗin kai mota wurin dillali, kuma masu saye suka yi mata rububi har kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin oda a watan Janairu na 2022, saboda masana'antar ta kasa biyan bukata.

Ta fuskar ƙira, motar ta fi kusa da motar shiga fiye da motar lodi. Motoci irin su Toyota Hilux ana ɗora bodinsu ne a kan shasi mai kaurin ƙarfe, amma ita Maverick bodinta da shasinta haɗe suke wuri guda, kuma ta yi tarayya da motar Ford Escape a ginshiƙin ƙira. Tana da ƙofa huɗu da wurin zaman mutum biyar, tsawonta ya ɗan haura mita 5, bayanta na zuba kaya kuma ƙafa huɗu da rabi ne, wato ƙasa kaɗan da mita ɗaya da rabi.

Yadda Injin Yake Aiki

Fasahar haɗa fetur da lantarki ba sabuwa ba ce, domin kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan tun 1997. Abin da ya kamata mai saye ya fara fahimta shi ne, wannan mota ba a jona ta da wutar gida. Fetur kaɗai ake zuba mata, ita ce kuma ke cajin batirinta da kanta yayin tafiya. Don haka matsalar ɗaukewar wutar lantarki ba ta shafe ta ba.

A cikinta akwai injin fetur mai silinda huɗu, mai girman lita 2.5, da injin lantarki, waɗanda idan suka haɗu suke ba da ƙarfin doki 191. Batirin ƙarami ne, bai wuce ma'aunin wuta ɗaya da ɗigo ɗaya ba, irin ma'aunin da mitar gida ke ƙirgawa, kuma yana ƙarƙashin mota ta wajen kujerar baya. Aikinsa shi ne ya karɓi wuta ya mayar cikin ɗan lokaci, sau ɗaruruwa a yini.

Tanadin mai yana fitowa ne ta hanyoyi uku. Na farko, idan direba ya taka birki, injin lantarki yana juyewa ya zama janareta, ya mayar da ƙarfin gudun motar zuwa wuta ya adana a batir, maimakon ya salwanta a matsayin zafi a jikin birki. Na biyu, idan mota ta tsaya a danja ko cikin cunkoso, injin fetur yana mutuwa da kansa, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta ci gaba da aiki da batir, har sai cajin ya ragu injin ya sake tashi na ɗan lokaci. Na uku, shi kansa injin fetur an ƙera shi ne bisa tsarin da wani injiniya ɗan Ingila, James Atkinson, ya ƙirƙiro a ƙarni na 19, wanda ke fitar da aiki mai yawa daga kowace lita amma ba shi da kuzari wajen tashi. Injin lantarki ne ke cike wannan rauni a lokacin da mota za ta tashi daga tsaye.

Daga wannan bayani za a gane cewa motar ta fi amfani a inda ake yawan tsayawa da tashi. A kan doguwar hanya, inda ake gudu ba taka birki, injin fetur ne ke yin kusan dukan aikin, tanadin kuma sai ya ragu ƙwarai.

Lissafin Mai

Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke gwada shan man motoci, ta ba samfurin farko na ruwa-biyu mil 42 a kowace galan cikin gari, mil 33 a kan babbar hanya, da mil 37 idan an gauraya. Idan aka juya zuwa ma'aunin da aka saba da shi a nan, wannan na nufin kusan kilomita 18 a lita cikin gari, kilomita 14 a babbar hanya, da kusan kilomita 16 a gauraye. Tankinta na cin lita 52, wanda a ƙa'ida zai kai ta kimanin kilomita 800.

Kamfanin yana kuma sayar da Maverick mai fetur zalla, mai injin lita 2 da ƙarfin doki 250, kuma ita ce ta fi dacewa a kwatanta da ita tun da jikinsu ɗaya ne. Wannan tana yin kusan kilomita 10 a lita cikin gari, kilomita 13 a babbar hanya, da kilomita 11 a gauraye.

A ɗauka ɗan kasuwa yana yin tafiyar kilomita 20,000 a shekara. Idan tafiyar gauraye ce, ruwa-biyu za ta sha kimanin lita 1,270, mai fetur zalla kuma lita 1,810, bambancin lita 540 ke nan. Idan duk aikin cikin gari ne, bambancin zai kai lita 920. Idan kuwa tafiyar ta babbar hanya ce zalla, bambancin kimanin lita 140 ne kawai. A misalta lita a kan Naira 900. Mai aikin cikin gari zai tsira da kimanin Naira 830,000 a shekara, mai gauraye Naira 486,000, mai doguwar hanya kuwa Naira 126,000 kacal.

Sai a auna wannan da ƙarin kuɗin saye. A samfurin 2024, kamfanin ya sa wa ruwa-biyu ƙarin dala 1,500 a kan mai fetur zalla. Idan aka misalta dala a kan Naira 1,500, ƙarin ya kama Naira miliyan 2 da dubu 250. Mai rarraba burodi ko magunguna a cikin Legas ko Fatakwal zai mayar da wannan kuɗi cikin ƙasa da shekara uku. Mai tafiyar gauraye zai jira kusan shekara biyar. Wanda kuwa aikinsa zirga-zirga ne tsakanin Abuja da Kano zai shafe kusan shekara 18, wato motar za ta tsufa kuɗin bai dawo ba.

Akwai kuma tsadar jarin kansa. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma a lokacin sukan ba da rance sama da haka. Wanda ya ranto Naira miliyan 2 da dubu 250 a kan kashi 30, zai biya Naira 675,000 kuɗin ruwa a shekara, abin da ya zarce tanadin mai tafiyar gauraye. Ko wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya kamata ya tambayi kansa ribar da wannan kuɗi zai kawo da an juya shi a cikin haja. Ya kamata a lura cewa alƙaluman hukumar ta Amurka an same su ne a gwaji, ba da lodi ba, ba kuma a kan hanya mai ramuka ba. Mai mota a nan zai ga shan man ya fi haka, amma tazarar da ke tsakanin motocin biyu a cikin gari tana nan.

Iyakar Lodi

A nan ne ake jin tsoron masu saye za su yi kuskure mafi tsada. Nauyin da kamfani ya amince motar ta ɗauka shi ne fam 1,500, wato kimanin kilo 680, kuma wannan ya haɗa da direba da fasinjoji da duk abin da ke cikin mota. Idan direba da yaron mota suka cinye kilo 150, saura kilo 530, wato buhun siminti goma, ko buhun masara mai kilo 100 guda biyar. Hilux kuwa tana ɗaukar kusan tan guda, kuma kowa ya san yadda ake ɗora mata fiye da haka ta jure. Motar da bodinta da shasinta haɗe suke ba ta da wannan haƙuri. Yawan obalodi zai kashe mata sifirin da shokazoba, ya kuma iya lanƙwasa jikin da gyaransa ke da wuya.

Samfuran 2022 zuwa 2024 na ruwa-biyu da tayoyin gaba kaɗai suke ja, kuma tirelar da za su iya ja ba ta wuce kilo 900 ba. Sai a samfurin 2025 ne aka fito da ruwa-biyu mai jan taya huɗu, wadda za ta iya jan kilo 1,800 idan an haɗa mata kayan da suka dace. Tazarar cikinta da ƙasa kimanin santimita 21 ce, wadda ta isa titin gari da hanyar birji mai kyau, amma ba ta isa hanyar gona da damina ba.

Duk da haka, ga mai aikin da ya dace da ita, tana da amfani mai yawa. Ana iya tsayar da murfin baya a rabi domin a shimfiɗa filawud mai ƙafa huɗu da takwas. Mai aikin famfo, da mai haɗa wutar sola, da mai gidan abinci da ke zuwa kasuwa kullum, za su iya kai 'ya'ya makaranta da safe su ɗauki kayan aiki da hantsi a mota guda, wanda ke rage kuɗin inshora da na takardu da na direba. Wasu samfuran suna da soket na wuta mai ƙarfin wat 400, sai dai wutar ta Amurka ce mai bolt 110, alhali kayan wutar Najeriya na bolt 230 ne, don haka ba za ta maye gurbin janareta ba.

Farashi Da Haraji

Rahusar da ta sa motar ta yi suna ba ta daɗe ba. Samfurin 2025 ya fara ne daga sama da dala 26,000. A watan Afrilu na 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan motocin da ake shigowa da su Amurka, kuma a wata mai bi masa kamfanin Ford ya ƙara farashin motocinsa da ake ƙerawa a Meziko, har da Maverick. Tsadar sabuwa kan ja farashin tsohuwa sama, kuma wannan yana isa har ga mai saye a Legas. Dala 26,000 a kan Naira 1,500 ta kama Naira miliyan 39, kafin a biya kuɗin jirgi da kuɗin fito na kwastan da ladan wakili.

Yana da kyau kuma a bambanta ta da wasu motocin da ake kira da suna ɗaya. BYD Shark ta ƙasar Sin, wadda aka ƙaddamar a Meziko a 2024, da Ford Ranger mai lantarki da ake ƙerawa a Afirka ta Kudu, manya ne, kuma ana jona su da wuta. Hilux mai batirin bolt 48 kuwa ɗan taimako kawai lantarkinta ke yi wa injin dizal, ba ya tafiyar da motar shi kaɗai. Hyundai Santa Cruz, wadda ta fito shekara ɗaya da Maverick kuma girmansu ya yi kusa, fetur zalla take sha.

Gyara Da Kayan Gyara

An ƙera Maverick ne domin kasuwannin Amurka ta Arewa da ta Kudu. Sitiyarinta na hagu ne, wanda ya dace da Najeriya tun da ƙasar ta koma tuƙin hannun dama a 1972, amma wanda ya shigo da ita shi ne zai ɗauki nauyin nemo mata kayan gyara. Kasuwannin Ladipo a Legas, da Apo a Abuja, da Ƙofar Ruwa a Kano sun fi cika da kayan motocin Japan. Abin da zai ɗan sauƙaƙa shi ne tarayyar da injinta ya yi da na Escape ruwa-biyu, amma fitila da gilashi da ƙofa nata ne ita kaɗai. Motar kasuwanci da ta kwana wata guda a gareji tana jiran kaya daga waje, ta cinye tanadin man watanni.

A ɓangare guda, tsarin ruwa-biyu yana rage wasu gyare-gyare. Ba ta da altaneta ko sitata irin na sauran motoci, birkinta kuma yana daɗewa tun da injin lantarki ne ke yin yawancin aikin rage gudu. Sai dai tana bukatar baƙin mai marar kauri mai lamba 0W-20, kuma zuba mata mai kauri da sunan wai ƙasar na da zafi yana cutar da injin. Wayoyi masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wuta mai ƙarfin da za ta iya kisa, don haka bakaniken da bai samu horo ba, kuma ba shi da na'urar binciken kwamfuta, bai kamata ya taɓa su ba.

A Amurka kamfanin na ba da garantin shekara takwas ko mil 100,000, kimanin kilomita 160,000, a kan batir da kayan lantarkin motar. Irin wannan garanti ba kasafai yake bin mota zuwa ƙasar da ba a yi ta dominta ba. Bugu da ƙari, a 2022 kamfanin ya yi kiranyen motoci sama da 100,000 masu wannan injin na lita 2.5, har da Maverick, saboda haɗarin gobara idan injin ya lalace, ya kuma faɗaɗa kiranyen a 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana ba da damar a duba lambar shasi mai harufa 17 kyauta, domin a san ko an yi wa mota gyaran da aka kira ta dominsa. Haka nan, da yawa daga motocin da ake kawowa daga kasuwannin gwanjo na kamfanonin inshora suke fitowa. Motar da ta yi karo ana iya gyara ta, amma ruwa-biyun da ambaliya ta shanye asara ce, domin ruwa da laka suna ci gaba da cin batir da wayoyi bayan mota ta bushe.

Wanda Ta Dace Da Shi

Kafin ɗan kasuwa ya fitar da jarinsa, ya kamata ya ɗauki wata guda yana rubuta abu huɗu game da motar da yake amfani da ita a yanzu: kilomita nawa take yi, nawa ne daga ciki na cikin gari, nauyin kayan da ya fi yawan ɗauka, da kuma irin hanyar da take bi. Idan akasarin tafiyar cikin cunkoso ne, kayan kuma ba su wuce rabin tan ba, sannan akwai bakaniken ruwa-biyu a garinsu, lissafi yana goyon bayan wannan mota, kuma duk lokacin da fetur ya ƙara tsada ribarta ƙaruwa take yi. Idan kuwa aikin na ɗauko hatsi ne daga kasuwannin ƙauye, ko jigilar siminti da bulo, ko doguwar tafiya tsakanin jihohi, to mota mai shasi dabam ta fi dacewa, ko da kuwa ta fi shan mai.

Ga dillalan motoci da masu sayar da kayan gyara kuma, alƙaluman cinikin Amurka manuniya ce. Motoci dubu ɗaruruwa da aka sayar daga 2021 zuwa yau za su riƙa fitowa kasuwar gwanjo yayin da suke tsufa, kuma wanda ya riga ya tanadi kayan gyaransu, ya kuma horar da yaransa aikin batir, shi ne zai ci gajiyar kasuwar idan ta buɗe.